Tukunya, Tabarma da Salula: Renon Ƙananan Yara a Yamai ta Yau

Nijar ƙasar yara ce. Kusan rabin mutanenta ba su cika shekara 15 ba, kuma duk wanda ya ratsa Boukoki ko Talladjé ko Harobanda da hantsi ya san haka tun kafin a kawo masa alƙaluma. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, daga nan kuwa birnin bai daina faɗaɗa ba, har ƙetaren kogi. Saboda haka abin da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ke ci, da abin da yake wuni yana kallo, da wanda ke yi masa magana, su ne za su nuna irin mutanen da za su riƙe ƙasar nan da shekara talatin.

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, abubuwa biyu sun shigo gidajenmu sun zauna daram. Na farko abin ci na leda da kwali: biskit, alawa, lemun kwalba, garin lemo da ake kaɗawa a ruwa, da taliyar da ke nuna cikin 'yan mintoci. Na biyu salula mai intanet, wadda ta zo ta tarar da talabijin. Akan tattauna su daban-daban, a bar wa likita na farko, a bar wa malami na biyu. Amma in aka lura, aiki ɗaya muke sa su: yaro ya yi kuka, a miƙa masa ɗaya daga ciki don ya yi shiru. Ra'ayina shi ne, abin da muke ba yaro don ya yi shiru, shi ke renonsa. Yamai kuwa tana da abin da ya fi waɗannan biyun, kuma da araha, a garka da tukunya da bakin iyaye.

Yadda gida ya sauya

Kafin a ga laifin uwa, ya kamata a dubi gidan da take reno a ciki. A babban gida irin na da, yaro na da hannaye da yawa: kaka, gwaggo, abokiyar zaman uwa, yayye, 'ya'yan maƙwabta. In uwa na daka, wata ta goya shi. In ta tafi rijiya, yana gindin kaka. Tsakar gida na da faɗi, ƙofar gida kuma dandali ce. Magidancin Yamai na yau sau da yawa ɗan haya ne, ɗaki biyu da 'yar baranda, a gidan da iyalai huɗu ko biyar ke raba famfo ɗaya. Maigida ya fita tun da sassafe neman na cefane, in ya dawo bayan isha'i ya taɓa abinci, sai fada. Uwargida ko tana ofis, ko tana kasuwa, ko tana suyar ƙosai da awara a ƙofar gida, domin samun mutum ɗaya ba ya kai wata. Yaron kuwa yana hannun 'yar aiki, wadda ita ma yarinya ce da aka kawo daga ƙauye.

Waje ma ya ƙuntata. Titi ya cika da babura da motoci, filayen unguwa an yanka an gine. Ko dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin, gine-gine sun cinye sashe mai yawa nasa. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba mai barin ɗansa a rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya sun ƙara tsadar kaya da wahalar ajiye abinci. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma aljihun talaka bai farfaɗo nan take ba. Uwar da ta gaji, cikin ɗaki mai zafi, ga yara uku ga aiki a gabanta, in ta miƙa biskit ko salula, sararin numfashi take nema. Duk shawarar da ba ta san da wannan gajiyar ba, a bakin mai ba da ita za ta tsaya.

Kuma ba kiran komawa jiya ake yi ba, domin jiyan na da nata ciwon. A binciken lafiya na ƙasa na 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 274 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A na 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Allurar rigakafi, gidan sauro, da tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka kafa a 2006, duk zamani ne ya kawo su, kuma alheri ne. Aikin da ke gabanmu tacewa ne: a riƙe mai amfani, a bar mai cutarwa, ko gado ne ko yayi.

Daga nono ake farawa

Masana abinci na ba da muhimmanci ga kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu. A wannan tsakanin ne ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa da saurin da ba za su sake yi ba, kuma tsumburewar da ta kama yaro a lokacin da wuya ta sake shi gaba ɗaya. Binciken 2012 na Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna kashi 44 cikin ɗari na ƙananan yaran Nijar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kashi 73 kuma na da ƙarancin jini. Yamai ta fi karkara dama, amma ba ta kuɓuta ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sananniya ce: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Wa'adin shekara biyun ya yi daidai da wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Duk da haka, a 2012 kashi 23 cikin ɗari kacal na jariran ƙasar 'yan ƙasa da wata shida ne ke kan nono zalla. Babban abin da ke karya wannan ƙa'ida a wurinmu shi ne ruwa. Kaka ta ga zafin Yamai, tausayi ya kama ta, ta ce a ba jinjiri ruwa kada ƙishi ya kashe shi. Alhali kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa na cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, nonon ya ja baya, in kuma ruwan ba shi da tsabta ga zawo. A lokacin zafi uwa ce ya kamata ta yawaita shan ruwa, ta yawaita ba da nono.

Haka dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka. Zuma kuwa, duk da darajarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Madarar gwangwani na da wurinta idan uwa ta rasu ko likita ya ba da umarni, amma tana cin kuɗi, tana buƙatar tafasasshen ruwa da bulumboti mai tsabta a kowane lokaci. Gidan da kuɗi suka yanke wa a tsakiyar wata sai ya koma tsinka ta da ruwa, yaro ya rame ana ganin ana ciyar da shi.

Abin da garka ke bayarwa

Yamai na cikin biranen Sahel da Allah ya yi wa baiwar kogi. A gaɓar kogin Isa, daga Goudel zuwa Gamkallé da Saga da Kirkissoye, masu garka na noma salati, kabeji, karas, tumatir, yalo da zogale. Motoci na shigo da albasar Galmi, tattasan Diffa, dankalin Bonkoukou da na Agadez, lemun Timia, da wake da gyaɗa daga Dosso da Maraɗi da Damagaram, su sauke a Katako da Wadata da ƙananan kasuwannin unguwa. Abin da iyaye a manyan biranen Turai ke biyan kuɗi mai yawa su samu, wato ganyen da aka tsinko da safe, a nan kashi-kashi ake kasa shi a bakin hanya.

Ma'aunin da ake amfani da shi ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23 mai sauƙi ne. An kasa abinci rukuni takwas, ana son yaro ya sami aƙalla biyar a yini: nonon uwa, hatsi da saiwoyi kamar gero, dawa, shinkafa da dankali, wake da gyaɗa da riɗi, nonon dabba da cuku, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A kamar zogale, kabewa, karas, mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu da na marmari. Yaron da ke shan nono, in aka ba shi dambu da zogale da garin ƙuli-ƙuli, aka jiƙa masa ya yi laushi, ya riga ya haɗa huɗu. A ƙara masa rabin dafaffen ƙwai ko ɗan garin busasshen kifi, an cika biyar. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka shigo da shi ta jirgin ruwa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kunu. Cikin yaro ɗan wata takwas ƙarami ne ƙwarai. In aka cika shi da tsararon koko da sukari, zai ƙoshi alhali bai ci abin kirki ba. Kunun da ya dace shi ne mai kaurin da ba ya tsiyaya daga cokali, wanda aka ƙarfafa da garin gasasshiyar gyaɗa ko waken suya, da ɗan mai, da garin 'ya'yan kuka. Garin Misola, wanda aka faro a Burkina Faso a farkon shekarun 1980 kuma ake yin sa a Nijar, haɗin gero ne da waken suya da gyaɗa. Ko Plumpy'Nut, abincin jinyar tamowa da ya yi suna a yunwar 2005 kuma ake sarrafa shi a nan Yamai, ginshiƙinsa gyaɗa ce da madara da mai. Abin da ake ceto ran yaro da shi a asibiti, tushensa na cikin buhun da ke kusurwar ɗaki. Daga wata shida zuwa takwas ana ciyarwa sau biyu ko uku a yini, daga wata tara sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Wasu al'adun ma sai an gyara. Camfin cewa ƙwai na koya wa yaro sata ba shi da tushe, kuma ya hana yara da yawa abinci mai gina jiki da araha. Ɗora tsokar nama duka a kwanon maigida, a bar wa yara romo, juya lissafi ne, domin mai girma a jiki ya fi wanda ya gama girma buƙata. Shayi kuma, wanda ake tsoma wa yara burodi a ciki da safe, yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, a ƙasar da ƙarancin jini ya yi katutu.

Cin ɗanyen kaya da araha na tafiya da sanin lokaci. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, farashin kayan garka na faɗuwa. Lokacin ne na shanya tumatir a yi kauɗa, a busar da kuɓewa da ganye a inuwa. Da bazara ga mangwaro, da damina ga tafasa, rama, yakuwa da lalo. Sai dai ɗanye ba ya nufin mai tsabta. Wasu garake, musamman na kwarin Gounti Yéna da ke ratsa tsakiyar birni, da ruwan kwata ake ba su ruwa. Don haka ganyen da za a ba ƙaramin yaro a wanke shi sosai a dafa shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta. Abincin da ya wuni a zafi ba firiji, a sake tafasa shi kafin a ba yaro, a kuma wanke hannu da sabulu.

Dala biyar a hannun yaro

Kowace unguwa na da mai tebur da mai shago, kowace ƙofar makaranta na da masu talla. Yaro ya tashi da rigima, a ba shi dala biyar ko dala goma, ya ruga ya dawo da abin leda mai launi. Kuɗin kamar ba komai ba ne, amma dala goma kullum, a wata jika ɗaya da rabi ke nan ga yaro ɗaya. Gida mai yara uku ya kashe jika huɗu da rabi. Wannan kuɗin zai sayi ƙwai da wake da ayaba masu auki.

Ɓarnar ta wuce ta aljihu. Yaron da ya cika cikinsa da biskit da ruwan zaƙi da hantsi ba zai dubi tuwo da rana ba, sai uwa ta ce ba ya son abinci, ta ƙara masa biskit don kada ya kwana da yunwa. Harshe kuma abin sabo ne: wanda ya taso da zaƙi da gishiri masu ƙarfi, miyar kuka salam za ta yi masa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, ga 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa a nisanta su da abin sha mai zaƙi. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato kusan ƙwaya bakwai na sukarin kwali. Babu uwar da za ta jefa ƙwaya bakwai a kofin ɗanta tana kallo, amma a gwangwani ba a gani.

Haka dunƙulen magi, wanda gishiri ne kaso mai yawa nasa. Babban mutum ma bai kamata ya kai giram 5 na gishiri a yini ba, balle yaro. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi na ba miya ɗanɗano, a rage dunƙule a hankali har baki ya saba. Birane irin namu yanzu na ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: tamowa ga yara, ciwon sukari da hawan jini ga manya, wani lokaci a gida ɗaya. Ga kuma abin marmarin da muka gada, dabino, goruba, magarya, aduwa, aya, muruci, rake da dafaffiyar gyaɗa, wanda har yau yana kasuwa. A dai kiyaye masu ƙwallo da ƙwayar gyaɗa ga 'yan ƙanana, saboda shaƙewa.

Salula a hannun mai rarrafe

Salula ta fara yaɗuwa a Nijar a farkon shekarun 2000, ta kira da amsawa. Yau Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms sun kai intanet aljihun mai sayar da ruwa, WhatsApp da TikTok da YouTube sun zama abokan hira. Yaron da bai iya cewa "ruwa" ba ya iya shafa gilashi da yatsa, iyaye na murna suna cewa yana da wayo. Wannan ba alamar wayo ba ce, domin an ƙera na'urar ne yadda kowa zai iya. An kuma tsara manhajojin yadda bidiyo ɗaya na ƙarewa wani zai hau ba tare da an nema ba, tun da kamfanonin daga daɗewar mai kallo suke cin riba. Abin da ke gagarar babba ajiyewa, ba ɗan shekara biyu ne zai ajiye shi da kansa ba.

A Afrilun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Jariri da ɗan shekara ɗaya, babu zaman kallo sam. Daga shekara biyu zuwa huɗu, kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu, yaro na buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a yini. Barci kuwa awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, awa 10 zuwa 13 ga ɗan uku zuwa huɗu. A Faransa, likitan ƙwaƙwalwa Serge Tisseron ya fito da tsarin 3-6-9-12 tun 2008, wanda matakinsa na farko shi ne nisanta yaro da talabijin kafin shekara uku.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda yaro ke koyon magana. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun yi gwaji da jarirai 'yan wata tara da ba su taɓa jin Sinanci ba. Wasu aka zaunar da su da mutum yana yi musu magana da wasa da harshen, har zama 12. Wasu aka nuna musu irin wannan magana ta bidiyo. Na farkon sun koyi bambance sautukan Sinanci; na bidiyon ba su fi waɗanda ba su ji komai ba. Jariri daga fuska yake koyo, daga idon da ke kallonsa da bakin da ke amsa gwalantunsa. A 2023 wani bincike a Japan kan yara sama da 7,000 ya gano cewa waɗanda suka fi daɗewa gaban kallo suna da shekara ɗaya, sun fi fuskantar jinkirin magana a shekara biyu da huɗu. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai ce kallo kaɗai ne sanadi ba. Amma lissafin a fili yake: yini awa 24 ne, duk awar da gilashi ya ci, an ɗebe ta ne daga hira ko wasa ko barci.

Wannan ya shafi Yamai fiye da wurare da yawa, domin yaron birnin na tasowa tsakanin Zabarmanci da Hausa da Faransanci, wani har da Fulatanci ko Tamashek. Wannan arziki ne, kuma daga bakin mutane ake kwasarsa. Yaron da ya wuni gaban zanen barkwanci na ƙasashen waje zai iya haddace waƙoƙinsu, ya kasa gaida kakarsa da harshenta.

Akwai wuraren da cutarwar ta fi yawa. Na farko lokacin cin abinci: a kunna wa yaro bidiyo, ana ɗura masa loma bai san yana ci ba. A nan matsalolin biyu ke haɗuwa, domin bai koyi jin yunwa da ƙoshi ba, bai san ɗanɗanon abin da ya ci ba, gobe kuma ba zai buɗe baki ba sai an kunna. Na biyu dare: haske da hayaniyar kallo na kore barci, yaron da bai yi barci ba kuwa shi ne mai rigimar safe da za a sake rarrashi da salula. Na uku talabijin da ke kunne tun safe har dare ko ba mai kallo, wadda ke rage maganar manya da yara. Na huɗu salular babba da ba a tace ba, cike da hotunan haɗari da gawarwaki da ake turowa a zaurukan WhatsApp.

Salula na da alherinta. Uban da ke ci-rani a Abijan ko Aljeriya ko Libiya, in ya kira ta bidiyo ɗansa ya gan shi ya amsa masa, wannan hira ce da mutum, kuma zumunci ne. Karatun Alƙur'ani da ake saurare, ko ɗan gajeren shiri da uwa ta zauna ta kalla tare da ɗan shekara huɗu tana yi masa bayani, sun bambanta da a jefa masa waya a juya baya.

Me za a sa a gurbinsu?

Hani kaɗai ba ya reno. In an karɓe abu, sai an ba da wani. Abin farin ciki, abin da yaro ke buƙata ba ya cin kuɗi. Ɗan shekara biyu na son ya bi uwa madafa, a ba shi ƙwarya da ludayi, a nisanta shi da wuta, ana aiki ana gaya masa sunan kowane abu. Ɗan shekara huɗu zai iya tsinke zogale, ya tsince wake, ya shayar da tumatir ɗin da aka shuka a tsohon bokiti, kuma yaron da ya sa hannu a girki ya fi saurin cin abin da aka dafa. Yashi, gwangwanaye, motar kara, 'yartsana, ɓuya, langa da gaɗa sun ishi motsa jikin da ake magana.

Da dare kuma ga tabarma. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici makaranta ce ta harshe da saurare da haƙuri, kuma ɗauke wutar da ke damun kowa na iya zama lokacinta. A nan Yamai ne aka kafa cibiyar tattara adabin baka ta Afirka, CELHTO, tun 1968. Abin kunya ne a adana tatsuniyoyinmu a kaset, 'ya'yanmu su tashi ba su ji su daga bakinmu ba. A ƙarshen mako, gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, na da namun daji da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da masu sana'ar hannu. Yaron da ya ga kura da idonsa zai yi mako yana ba da labari.

Wani zai ce wannan duk maganar masu hali ce. Amsa ita ce, gero da wake da zogale sun fi kayan kanti araha, tatsuniya kuma ba ta cin kuɗin intanet. Abin da ke da tsada shi ne lokaci, shi ya sa bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Wani kuma zai ce yaron da bai taɓa salula da wuri ba za a bar shi a baya. Shafa gilashi abu ne da ake koya a yini ɗaya a kowace shekara ta rayuwa. Abin da ke da wa'adi shi ne harshe, natsuwa da ginin jiki, kuma da su ne yaro zai iya sarrafa kwamfuta in lokacinta ya yi.

Kowa da nasa rabon

Uba ne farkon wanda za a tambaya, domin shi ke ba da kuɗin cefane, kuma sau da yawa salularsa ce ke hannun yaro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: uban da ke cin abinci yana latsa waya ba zai iya hana ɗansa ba. Rabin awa da zai rage daga zaman fada ya zauna da 'ya'yansa hutu ne ga uwa, riba ce ga yara. Kaka a jawo ta cikin shawara da girmamawa, a je da ita awon jariri ta ji daga bakin ungozoma, domin maganarta ce ke tasiri a gida. 'Yar aiki a gaya mata ƙa'idar gida a fili, a kuma tuna ita ma 'yar wani ce mai buƙatar abinci da barci da karatu. Maƙwabtan gidan haya za su iya karɓa-karɓa wajen duba yara a tsakar gida.

Makarantun renon yara su duba abin da ake sayarwa a ƙofarsu, su daina zaunar da yara gaban talabijin da sunan darasi. Ma'aikatan asibitocin unguwa, in sun auna nauyin yaro, su tambayi abin da yake ci da awa nawa yake kallo. Limamai su sa haƙƙin ƙaramin yaro cikin huɗuba, gidajen rediyo da Télé Sahel su ƙara shirye-shiryen yara da harsunan ƙasa. Hukumar birni kuma ta kare garaken bakin kogi da sauran filayen unguwa daga masu yanka fuloti, domin birnin da ba shi da wurin wasa, shi ke tura 'ya'yansa gaban gilashi.

Ga iyaye kuwa, ba sai an sauya komai a rana ɗaya ba. A fara da abu uku: babu salula ko talabijin lokacin cin abinci da awa ɗaya kafin barci, kuɗin abin leda a mayar da su ƙwai ko wake ko 'ya'yan itace, kowane dare a sami babba ɗaya da zai zauna ya yi hira da yara. Za su yi kuka kwanakin farko, sannan su saba. Shekaru biyar na farko ba sa dawowa, kuma amana ce da za a tambaye mu a kanta. Mu ba 'ya'yanmu abincin tukunyarmu da lokacinmu tun suna hannunmu. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.